Intanet ɗaya ga gida mai sassa huɗu: wace na'ura ya kamata mu saya?

Baban Walid: Assalamu alaikum jama'a. Shawarar masana nake nema. Gidanmu na gado ne a nan Kano, sassa huɗu: sashen Hajiya a tsakiya, nawa da na ƙanena suna kallon juna, sai benen da Yaya ya ɗora a baya, ga kuma shagon samari a bakin ƙofa. Kowa datarsa yake saye a waya. Tun da aka ƙara kuɗin kira da data a farkon 2025 muka zauna muka yi lissafi, muka ga abin da gidan ke kashewa a wata, in aka haɗa shi wuri guda, ya isa a biya layi ɗaya mai ƙarfi har a samu rara. Mun amince za mu haɗa kuɗi. Inda muka cije shi ne na'urar. Akwai rauta, wato na'urar da ke ba da Wi-Fi, ta 4G mai sim a falona, amma da ka fito tsakar gida sai siginal ya fara rawa, a ɗakin Hajiya sanda ɗaya, a bene kuwa babu ko alama. Wani ya ce in sayi rifita mai maimaita siginal, wani ya ce mesh, wato na'urori biyu ko uku masu aiki tare kamar Wi-Fi ɗaya, wani ya ce rauta mai eriya shida. Don Allah wanda ya sani ya warware mini.

Ɗan Farm Centre: Wa alaikumus salam Alhaji. Ai abin da sauƙi. Ka zo kasuwar waya ta Farm Centre in haɗa ka da babbar rauta mai eriya shida, ka ƙara da rifita biyu, ɗaya a baranda, ɗaya a ƙafar bene. Soket kawai za ka sa su. Kullum muna sayarwa.

Injiniya: Baban Walid, kada ka fitar da ko kwabo tukuna. Amsa mini waɗannan. Ginin bulo ne ko na ƙasa? Benen dekin ne na kankare? Daga falonka zuwa wuri mafi nisa kamar mita nawa ne? Sannan ka tsaya kusa da rautar ka gwada gudun intanet ɗin da safe, ka sake gwadawa bayan sallar isha'i, ka faɗa mana abin da ka gani.

Baban Walid: Bulo ne duka, sai sashen Hajiya da yake tsohon ginin ƙasa aka shafe shi da siminti, bangon nan ya kusa kamu biyu. Benen dekin ne. Nisa bai wuce mita 40 ba. Gudun zan gwada yau in sha Allah.

Injiniya: To madalla. Aiki biyu ne a gabanka, kuma mutane sukan cakuɗa su. Na farko shigo da intanet gidan, na biyu raba shi ga ɗakuna. Rautar da ke falonka tana yin duka biyun, shi ya sa ake ɗauka abu ɗaya ne. Matsalar da ka kawo ta rabo ce, kuma bango ne ya haifar da ita.

Maganar eriya shida, da girmamawa ga ɗan uwana na Farm Centre, ba ta huda bango. Yawan eriya yana taimakawa wajen ɗaukar na'urori da yawa a lokaci guda da ƙara gudu ga wanda ke kusa. Amma Wi-Fi zance ne na mutum biyu. Ko da rauta ta yi ƙarfin da siginal ɗinta zai kai ɗakin Hajiya, dole wayar Hajiya ta maido da amsa, ita kuwa 'yar eriyarta ƙarama ce a cikin waya. Shi ya sa za ka ga sanda biyu ko uku a waya amma shafi ya ƙi buɗewa.

Ga kuma mita biyu, irin mitar tashar rediyo, da Wi-Fi ke tafiya a kai. Ta 2.4 GHz tana da nisa, ta fi jure bango, amma ba ta da gudu kuma cike take da cunkoso, tashoshi uku ne kacal a cikinta da ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11. Ta 5 GHz tana da gudu sosai, amma bangon bulo ɗaya ko biyu ya gama da ita. Dekin mai rodi a ciki kuwa duka biyun yake dannewa. Bangon ƙasa mai kauri irin na Hajiya ma ba ya wasa, musamman da damina in ya sha danshi, domin ruwa yana shanye siginal.

Ɗan Farm Centre: Injiniya ai shi ya sa na ce a ƙara rifita. Ita ce maganin bango.

Injiniya: Rifita tafinta ce. Sai ta saurari rauta ta gama, sannan ta maimaita wa waya, sai ta saurari waya, ta maimaita wa rauta. Masu arahar nan rediyo ɗaya gare su da suke ji da magana da shi, don haka gudun yana raguwa da kusan rabi tun kafin a yi maganar bango. In kuma ka sa ta inda siginal ya riga ya raunana, raunannen za ta maimaita, sai dai waya ta nuna sanduna cike. Biyu a jere kuma abin ya ƙara lalacewa. A ɗaki biyu da falo za ta iya rufa asiri. A gida mai sassa huɗu da dekin, ba na ba da shawararta.

Auta: Ni dai mesh nake amfani da shi a gidana, TP-Link Deco guda uku, da waya na saita su cikin 'yan mintuna. Sunan Wi-Fi ɗaya ne ko'ina, kana tafiya daga falo zuwa ɗaki kana kiran bidiyo ba ya yankewa. Zamanin jan kebul a bango ya wuce Yallaɓai.

Injiniya: Auta, gidanka rufi ɗaya ne?

Auta: E, falat ne, ɗaki uku.

Injiniya: To ka ga bambancin. Mesh abu ne mai kyau, ban musa ba. Amma su ma na'urorin dole su yi magana da junansu, kuma in babu kebul ta iska za su yi, ta cikin bangon nan dai da ya hana wayar Hajiya. A gidanka suna jiyo juna ta ƙofofi da koridoo. A gidan Baban Walid akwai tsakar gida, bangon ƙasa da dekin tsakaninsu. Abin da mutane da yawa ba su lura ba, ka juya bayan Deco ɗinka za ka ga ramukan kebul. In ka haɗa su da kebul, sai su bar iska ga wayoyi kawai, ka samu sauƙin mesh da ƙarfin kebul tare. Wannan in da kuɗi shi ne ya fi.

Ga abin da zan yi in gidana ne. Babbar rauta ta zauna inda sabis ya fi ƙarfi. Daga jikinta a ja kebul na intanet, Cat6 ko Cat5e, zuwa kowane sashe. Kebul ɗin nan yana ɗaukar gudun gigabit ɗaya, wato megabit dubu a daƙiƙa, har tsawon mita 100, kai kuma mita 40 gare ka, ko kusa da iyaka ba ka je ba. A ƙarshen kowane kebul a sa na'urar watsa Wi-Fi guda, wadda muke kira AP. In ramukan babbar rauta ba su isa ba, a ƙara ƙaramin suwic, wato akwatin da ke ƙara ramukan kebul, mai rami biyar ko takwas. Shi ke nan. Kowane sashe yana da Wi-Fi ɗinsa a cikin ɗaki, babu bango tsakani.

Malam Na-Zariya: Na goyi bayan Injiniya, kuma zan ƙara da hanyar talaka. Ba dole sai AP sabuwa ba. Duk wata tsohuwar rauta da ke ajiye a durowa za ta yi. Yawancinsu akwai wurin da za ka mayar da su AP a saitinsu. Wadda ba ta da shi, ka kashe mata DHCP, wato abin da ke raba wa na'urori lambar adireshi, ka ba ta adireshin da bai yi karo da na babbar ba, ka soka kebul ɗin a ramin da aka rubuta LAN maimakon na WAN. In ka bar biyu suna raba adireshi a gida ɗaya, rigima ce, waya ta haɗu amma babu intanet. Sai ka ba su duka suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, ka rarraba musu tashoshi, wannan 1, waccan 6, ta bene 11.

Baban Walid: Allah ya saka da alheri. To jan kebul ɗin fa? Yaya ba zai yarda a fasa masa tayil ba, na san halinsa.

Malam Na-Zariya: Ba sai an fasa komai ba. A bi ta silin ko ta jikin katanga a cikin fayif ɗin roba irin na masu wayarin. Kada dai a bar shi tsirara a rana, zafin Kano zai busar da robar ta farfashe, ɓeraye kuma suna son sa a silin. Inda zai ratsa tsakar gida a binne shi cikin fayif, ko a nemi irin na waje mai baƙar riga. Kada a rataya shi a sama daga gini zuwa gini kamar igiyar shanya, saboda tsawa da damina. Kuma kada a cusa shi fayif ɗaya da wayar wuta.

Injiniya: Sannan ka kula da kebul ɗin kansa. Kasuwa cike take da wanda aka rubuta Cat6 a kwali amma cikinsa alminiyam ne aka yi wa fentin tagulla, CCA ake ce masa. Yana da araha, ba shi da nauyi, yana karyewa in an lanƙwasa, kuma ba ya ɗaukar wuta da kyau. Ka sa a fere maka bakin, ka kankare silin waya ɗaya da reza. In ciki ya fito fari, bar shi. Tagulla zalla ja take har ciki.

Maman Sadiya: Ku yi haƙuri in shigo maganar maza. Duk kun manta da babban abu, wuta. Baban Walid, kowane sashe akwai sola ko inbata? Domin mu a gidanmu haka aka yi, aka sa na'ura a kowane sashe, da an ɗauke wuta sai na mai inbata kaɗai ke aiki, sauran su yi ta kallonsa alhali kuɗi ɗaya suka biya. Da kyar aka kashe maganar.

Baban Walid: Hajiya kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ni da Yaya ne kawai muke da sola. Sashen Hajiya da na ƙanena sai an kawo wuta ko an ta da janareta.

Injiniya: Tambaya mai kyau, kuma nan ma kebul ya sake yin rana. Akwai abin da ake kira PoE, wato a tura wuta da intanet tare a cikin kebul ɗaya. Sai a sa suwic mai PoE a sashenka, kan inbatarka, shi zai riƙa ciyar da na'urorin sauran sassan. Ba su buƙatar ko soket a can. Sharaɗin shi ne AP ɗin ta zama mai karɓar PoE, irin na silin ɗin nan na TP-Link Omada ko Ubiquiti UniFi. Kowace ɗaya abin da take ci bai taka kara ya karya ba, wajen wat 10 ne ko sama kaɗan. A nan ne kebul na alminiyam yake tona asirin kansa.

In kuma hanyar Malam Na-Zariya za ka bi da tsofaffin rautoci, yawancinsu bolt 12 ko 9 suke ci, sai ka sayi 'yar ƙaramar UPS ɗin nan ta rauta mai batir a ciki, kowane sashe guda. Ka duba bolt ɗin da aka rubuta a jikin adaftar kafin ka jona.

Auta: Akwai kuma adaftar da ke tura intanet ta cikin wayar wutar gida, ba sai an ja sabon kebul ba.

Injiniya: A gidan da sassa ke da mitar wuta daban-daban, ga canji tsakanin NEPA da janareta da inbata? Manta da ita.

Baban Walid: Na gwada gudun kamar yadda Injiniya ya ce. Da safe megabit 25 zuwa 30. Bayan isha'i ya sauko ƙasa da 5.

Ɗan Hotoro: To ka gani. Duk wannan kebul da PoE da ake ta yi, me za a raba? Megabit 5 ga gida mai mutum ashirin? Ka sayi Starlink, intanet ɗin nan na tauraron ɗan'adam, kawai ka huta. Tun Janairun 2023 yake aiki a Najeriya, mu ne ma ƙasar farko a Afirka. Ba ruwansa da cunkoson hasumiyar unguwa, sararin sama kawai yake so.

Malam Na-Zariya: Ɗan Hotoro kullum kai Starlink, ko ciwon kai mutum ya kawo. Ba a ce ba shi da kyau ba, amma a faɗi duka. Kuɗin kayan da na wata ba na wasa ba ne. Wutar da yake ci ta ninka ta rauta sau da yawa, babban farantin da ke kamo siginal ɗinsa yana shan wat 50 zuwa 100 dare da rana, dole a duba ko batiran Baban Walid za su kwana da shi. In hadari ya haɗu aka tsuge da ruwa yana iya yankewa na ɗan lokaci. Kuma rautarsa ma ba ta huda bangon Hajiya, sai an ja kebul ɗin dai. Wani abu kuma, samfurin da ya gabata mai faranti mai juya kansa, rautarsa ba ta da ramin kebul sam, sai an sayi adafta daban. Sabon ne ya zo da ramuka biyu. Wanda zai sayi na hannu ya lura da wannan.

Injiniya: Ku duka kuna da gaskiya. Megabit 5 da dare ba zai ishe su ba, wannan haka ne. Amma kafin a tafi sama a duba ƙasa. MTN ta fara 5G a 2022, Airtel ta biyo a 2023, kuma Kano tana cikin biranen da ake samu, sai dai unguwa-unguwa ne, wani lokaci ma layi-layi. Baban Walid, ka ari waya mai 5G, ka hau benen Yaya, ka gwada layuka daban-daban a bakin taga, da dare, lokacin da kowa yake kan waya. Gwajin safe yaudara ne. Ko 4G ɗin da kake da ita, mayar da rautar sama kusa da taga mai kallon hasumiya yana iya canja lissafin. Sannan ka tambaya ko masu jan fayiba, wato kebul ɗin da ke kawo intanet har cikin gida, sun iso layinku. In sun iso, babu abin da ya kai ta kwanciyar hankali.

Daɗin tsarin kebul ɗin shi ne bai damu da inda intanet ya fito ba. Yau sim, gobe fayiba, jibi Starlink, kebul ɗaya kawai za ka zare ka soka a sabuwar na'ura, sauran gidan ko sani ba za su yi ba.

Maman Sadiya: Kuma ku karanta sharuɗɗan abin da kamfanonin intanet suke kira data mara iyaka. Da yawa akwai adadin da in an kai sai a rage gudu.

Malam Na-Zariya: Gaskiya ne Hajiya. A yi lissafi ma. Bidiyo mai kyan hoto, 1080, yana cin kamar megabit 5 a daƙiƙa. A awa ɗaya ya haura gigabait 2. Talabijin biyu da samari huɗu a shago suna kallon ƙwallo, ka ga inda wata zai kai ku.

Mai MikroTik: Nan nake jira a zo. Jama'a, matsalar gidan yawa ba siginal ba ce, adalci ne. Yaro ɗaya ya kwana yana sauke finafinai, Yaya ya kasa taron aiki, gobe a ce ba za a ƙara biya ba. Ka sa rautar MikroTik a tsakiya, hEX mai ramukan gigabit biyar ko hAP ac². Kamfanin ƙasar Latbiya ne, kuma irinsu masu sayar da Wi-Fi a unguwanni da makarantu suke amfani da su. Kowane sashe ka ba shi raminsa da iyakar gudunsa, ka ga abin da kowa ya sha a wata, shagon samari ka yanka musu tikiti ma in ka so.

Auta: Sai kuma ranar da ta rikice, Baban Walid ya yi ta nemanka a waya kana Abuja. Na taɓa buɗe Winbox, manhajar saita MikroTik, sau ɗaya, na rufe na yi salati.

Mai MikroTik: Sau ɗaya ake saitawa, Auta. Tsoro ne kawai.

Injiniya: Ni ma ina son MikroTik, da ita nake cin abinci, amma a nan ina bayan Auta. Na'urar da babu mai iya taɓa ta a gidan, kaya ce. Baban Walid ya fara da abin da zai iya sarrafawa daga wayarsa. Rautocin gida na yanzu da yawa suna da Wi-Fi na baƙi daban, da wurin fifita wata na'ura ko rage wa wata gudu. A sa samari a kan na baƙi. In bayan wata biyu rigima ta ƙi ƙarewa, sai a kira Mai MikroTik, wurinta yana nan tsakanin rauta da suwic, ba sai an canja komai ba.

Ustaz: Ni tambayata kan yara ce da maƙwabta. Kalmar sirri ba ta kwana a gidan da ke da samari. Kuma me za a yi yara ƙanana kada su faɗa inda bai dace ba?

Malam Na-Zariya: Allah gafarta Malam, yanzu ba sai an faɗi kalmar ba ma. Tun daga Android 10 waya tana fitar da lambar QR, aboki ya ɗauka da kyamara ya shiga. Tace na'urori da lambar MAC, wato lambar shaidar kowace na'ura, kuma ya zama wahala, domin wayoyin yanzu suna ɓoye lambarsu ta asali su nuna wata. Abin da ke aiki shi ne wanda Injiniya ya faɗa: na manya daban, na samari da baƙi daban, a riƙa canja na biyun duk wata. A kashe WPS, maɓallin nan da ke ba da shiga ba tare da kalmar sirri ba, a sa tsaro a kan WPA2 ko WPA3, kuma a canja kalmar shiga saitin rautar kanta, domin yaran nan sun san admin admin tun kafin mu sani. Don tace shafukan banza, a saitin babbar rauta, wurin da aka rubuta DNS, a sa lambar 1.1.1.3 ta kamfanin Cloudflare, kyauta ne. Ba ya kama komai, yaro mai wayo da manhajar VPN mai ɓoye inda yake shiga zai zagaye shi, amma yana rage ɓarna ga ƙanana.

Ustaz: Allah ya yi albarka. Sauran sai ido da addu'a.

Ɗan Farm Centre: To tunda Injiniya ya kashe mini cinikin rifita, bari in faɗi abin da na sani a sana'ata don kada a ce ban kawo komai ba. Alhaji, kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Za ka ga 300 ko 750 ko 1200, wannan jimillar gudun iska ne a ɗakin gwaji. Ka juya kwalin ka duba ramukan kebul. In an rubuta 10/100, komai ƙarfin layinka ba zai wuce megabit 100 ba. Misali TL-WR840N da Archer C20 ramukansu na 100 ne, ita WR840N ma 2.4 kaɗai gare ta. Archer C6 kuwa gigabit ce, kuma tana da 2.4 da 5 duka. Ga sashen Hajiya da waya ɗaya ko biyu, ƙaramar ta isa. Amma suwic da babbar rauta lallai su zama gigabit, tunda komai ta nan zai bi. Kuma kada ka ɗora gida a kan MiFi, 'yar rautar aljihun nan mai batir. Ta tafiya ce, mutum goma take ɗauka ko sama kaɗan, in aka bar ta a caji dare da rana batirin kumbura yake.

Auta: Wi-Fi 6 fa? Kada ya sayi tsohon yayi.

Injiniya: In bambancin kuɗin kaɗan ne ya ɗauka, tun 2019 take kasuwa kuma ta fi iya cunkoson wayoyi. Amma in zaɓi ne tsakanin Wi-Fi 6 guda ɗaya da Wi-Fi 5 guda uku a kan kebul, ukun nan sun fi masa nesa ba kusa ba.

Baban Walid: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Na hau bene jiya da wayar ƙanena, 5G tana kamawa a tagar gabas, gudun ya haura megabit 100 da ƙarfe tara na dare. Yaya ya yarda babbar rauta ta zauna a wurinsa tunda yana da sola. Za mu fara da kebul biyu, nawa da na Hajiya, mu ga yadda wata ɗaya zai kasance kafin a ja na ƙanena da na shago. Injiniya, mita nawa zan saya?

Injiniya: Kada ka ƙiyasta da ido. Ka bi hanyar da kebul zai bi da igiya, har hawa da sauka da kwanoni, ka auna igiyar, ka ƙara mita 5 a kowane. Tunda za a sa fayif, a sa mai faɗin da zai ɗauki kebul huɗu tun yanzu, a bar igiyar ja a ciki. Kuma a gwada kowane kebul da na'urar gwaji kafin a rufe rami, domin in silin waya ɗaya cikin takwas na cikin kebul bai zauna daidai a kai ba, gigabit zai iya faɗowa 100 ka yi ta zargin rauta.

Ɗan Farm Centre: Alhaji in za ka shigo ka taho da rezarka. A gabanka za a kankare kebul ɗin.